Daga Ƙofar Gida zuwa Bakin Kwalta: Yadda Za Mu Nemi Sufuri Mai Ɗorewa

Gabatarwa

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a gundumar Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, to ka san babbar hanyar kwalta da ta ratsa jihar Maraɗi. Ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1. Ta taso daga Yamai, ta biyo ta Doso da Birnin Ƙwanni, ta shigo Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi. Daga nan ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram da Difa. Wanda ya kai bakin wannan hanya da kuɗin mota a aljihunsa, tafiyarsa ta yi sauƙi.

To amma yawancinmu ba a bakin kwalta muke zaune ba. Tsakanin ƙofar gidanmu da kwalta akwai yashi, akwai ƙorama, akwai gulbi. Sau da yawa kilomita 15 na farko sun fi kilomita 100 na kan kwalta wuya.

A farkon wata damina, ana gab da rufe azuzuwan yaƙi da jahilci, na je duba wani aji na mata. Na bar babur a bakin ƙorama, na tuɓe takalma na ƙetare. Da na isa sai na tarar babu kowa a rumfar karatu. Ashe naƙuda ce ta yi wa ɗaya daga cikin ɗalibai tsanani, aka ɗora ta a amalanke tun asuba, sauran suka raka ta. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma sai da suka yi kusan awa huɗu kafin su kai gidan likita. Da na koma bayan mako guda, ba mu karanta darasin da na shirya ba. Zancen hanya muka yi.

Wannan bayani ya samo asali daga irin wannan tattaunawa. Zai nuna maka abin da ake nufi da sufuri mai ɗorewa, da amfanin kowane abin hawa, da matakan da kai da ƴan ajinku za ku bi don neman gyara.

Mene ne sufuri mai ɗorewa?

Sufuri shi ne ɗaukar mutane da kaya daga wani wuri zuwa wani. Ana cewa yana da ɗorewa idan ya cika sharuɗɗa huɗu:

1. Talaka yana iya biyan kuɗinsa ba tare da ya sayar da abincin gidansa ba.
2. Yana aiki rani da damina.
3. Idan ya lalace, akwai mai gyara da kayan gyara kusa.
4. Ba ya halaka mutane, ba ya ɓata ƙasa da iska.

A shekarar 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijar, sun amince da muradun ci gaba mai ɗorewa. Ɗaya daga cikin ma'aunin da ake amfani da shi shi ne wannan tambaya: mutum nawa ne a karkara suke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da ake iya bi a kowane lokaci na shekara? Ka tambayi kanka. Daga gidanka zuwa irin wannan hanya kilomita nawa ne?

Abin da rashin hanya yake jawowa

Lafiya. Ma'aikatan lafiya suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mace mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkiri a kan hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun aikin sufuri ne. Har na farkon ma yana da alaƙa da shi, domin maigida da ba shi da kuɗin abin hawa yakan ce a ɗan ƙara jira. Tun shekarar 2006 aka tsara a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Amma idan kuɗin zuwa ya gagara, wannan kyauta ba ta iso ga yaron ba.

Kasuwa. Ƙasarmu tana ba da hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya. Manomin da ba zai iya kai buhunsa kasuwar Caduwa ko ta Gazawa ba, dole ya sayar wa wanda ya zo har gida, a farashin da mai sayen ya ga dama.

Makaranta. Makarantar firamare ta kai ƙauyuka da yawa, amma ta gaba da ita tana manyan garuruwa. Idan tafiyar ta yi nisa, yara mata ake fara cirewa.

Lokacin mata. Ruwa, itace, niƙa, kai abinci gona, duk a ka ake ɗauka. Wannan ma sufuri ne, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Awannin da yake ci su ne awannin da mace za ta yi sana'a ko ta zo aji.

Darasin da man fetur ya koya mana

Shekaru da dama man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda muke kira ruwa-ruwa, ya fi na gidan mai araha. Da shi kabu-kabu da motocin kasuwa suka dogara. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya, farashi ya ninka kusan sau uku cikin ƴan kwanaki. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris 2024. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Duk da haka, a watan Maris 2025 an yi ƙarancin mai, aka ga dogayen layuka a gidajen mai, alhali ƙasarmu tana da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a ƙauyenku, amma duk sun taɓa aljihunka. Garin da ya dogara ga babur kaɗai, ranar da mai ya yi wuya ya tsaya cik. Garin da yake da keke da amalanke da motar haɗin gwiwa yana da mafita. Ba a ce a watsar da injin ba. Abin nufi shi ne a ba kowane abin hawa aikin da ya fi dacewa da shi.

Keke

Mai tafiya a ƙafa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda. Mai keke a hanya mai ƙarfi yana cin kilomita 12 zuwa 15, ga shi da kaya a baya. Keke ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa, kuma saurayi yana iya koyon gyaransa cikin ɗan lokaci.

Ga misali daga wata ƙasa. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, a shekarar 2006, gwamnati ta fara ba ƴan mata masu shiga makarantar sakandare kuɗin sayen keke. Masu bincike sun gano cewa shigar ƴan mata makarantar ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Kusa da mu kuma, duk wanda ya je Wagadugu ya ga mata manya da yara suna zuwa kasuwa da wurin aiki a kan keke. Saboda irin wannan amfani ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2018, ta keɓe ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙasarmu jigawa ce. Inda yashi ya yi zurfi keke ba ya tafiya, sai a tura shi. Ƙaya kuma tana huda taya. Don haka neman keke da neman gyaran hanya tare suke tafiya. Ga abubuwan lura:

- A zaɓi keke mai faɗin taya da ƙaƙƙarfan wurin ɗora kaya.
- A sayi famfo da kayan faci tare da keken.
- A koya wa saurayi ɗaya ko biyu gyara kafin kekuna su yi yawa a gari.
- Ga ƴan mata, a nemi keken da ba shi da sandar tsakiya, kuma su riƙa tafiya a ayari.
- A zauna da iyaye da malaman addini tun farko, a saurari damuwarsu, a amsa ta cikin ladabi.

Amalanke

A jihar Maraɗi amalanken shanu da na jaki su ne motar talaka. Suna kai taki gona, su kwaso amfanin gona, su ɗebo ruwa, su kai marar lafiya gidan likita. Suna shiga yashin da ƙaramar mota ba ta shiga. Maƙeranmu da masu walda suna ƙera su, suna gyara su. Duk shirin sufuri da ya manta da amalanke, ba don mu aka yi shi ba.

Dabbar da ke jan amalanke dukiya ce da ya kamata a tsare. Lokacin da cinikin fatar jaki zuwa ƙasashen waje ya sa jakuna suka yi tsada, gwamnatin Nijar ta hana fitar da su a 2016. A watan Fabrairu 2024 kuma Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu.

Ga abin da gari zai iya yi:

- A keɓe amalanke ɗaya don marasa lafiya, da katifa da rumfa da tocila. A san mai kula da shi, a san dabbar da za ta ja shi ko da tsakar dare.
- A manna abu mai ƙyalli a bayan kowane amalanke mai hawa kwalta, don direba ya hango shi da dare.
- Kada a yi wa dabba lodin da ya fi ƙarfinta. A ba ta ruwa da hutu, a kula da gyambon wuya da na baya.

Motar kasuwa da safa

Manyan motocin safa suna bin kwalta daga birni zuwa birni. Abin da ƙauye yake bukata shi ne ƙaramar mota da za ta kai shi bakin kwalta ko kasuwa a ranar da aka sani. Mota ɗaya mai ɗaukar mutum 15 ba ta shan man da babura 15 za su sha, saboda haka kuɗin kowane fasinja yana raguwa.

Me ya sa direba ba ya son shiga ƙauye? Dalili biyu ne. Yana tsoron hanya ta karya masa mota, kuma yana tsoron ya zo bai sami fasinja ba. Ku kuna iya rage masa tsoron nan biyu. Idan ƙauyuka uku ko huɗu da ke kan hanya ɗaya suka haɗu, sai su je wurin ƙungiyar direbobi a tasha su yi yarjejeniya: rana kaza, ƙarfe kaza, a gindin itace kaza. A rubuta kuɗin mutum da na buhu da na dabba, a liƙa takardar inda kowa zai gani. A kuma yarda cewa ba za a yi lodin da ya wuce kima ba.

Babur da tsaron rai

Kabu-kabu yana da rana. Shi ne mai sauri idan ta ɓaci, kuma samari da yawa da shi suke ci da iyalansu. Amma hatsarinsa yana da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara. Ta kuma ce hular kwano mai kyau, idan an ɗaura ta daidai, tana iya rage hatsarin rauni a ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Ka sa hula, ka ɗaure igiyarta. Kada ka yarda a hau mutum huɗu a babur ɗaya.

A garuruwan da kwalta ta ratsa tsakiyarsu, ranar kasuwa mutane da dabbobi da manyan motoci suna cakuɗuwa. Neman allon gargaɗi da tudun rage gudu a gaban makaranta da kasuwa yana cikin neman sufuri mai ɗorewa. Amma kada jama'a su gina tudun da kansu. A nemi hukumar kula da hanyoyi ta yi shi bisa ƙa'ida, domin wanda aka yi ba daidai ba shi ma yana kayar da mutane.

Jirgin ƙasa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a zamanin cinikin gyaɗa ta can aka riƙa fitar da gyaɗar Maraɗi mai yawa zuwa bakin teku. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa kilomita 284 ne, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Gwamnatin Najeriya ce ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar. Jirgi ɗaya yana ɗaukar kayan manyan motoci masu yawa, yana rage shan mai, yana kuma rage lalacewar kwalta.

Amma ka lura da abu biyu. Na farko, shimfiɗa dogo daban, tafiyar jirgi daban. An fara layin Yamai zuwa Doso a 2014, mai tsawon kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a 2016, amma shekaru suka shuɗe jirgi bai yi jigilar jama'a a kansa ba. Na biyu, ƙarshen layin Kano a Maraɗi yake. Bai bi ta Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ba. Ko jirgi yana tashi kullum, buhun ayarka sai ya bi yashi a amalanke, ya hau mota a kwalta, kafin ya ga tasha. Manomin da hanyar ƙauyensa ta yanke ba zai ci moriyar jirgi ba. Wanda ya iya zuwa ya saye a hannunsa da araha shi zai ci.

Don haka idan ana taro a kan jirgi, tambayoyin da suka shafe ka su ne: Za a karɓi kayan ƙaramin manomi da na ƙungiyoyi, ko sai na manyan ƴan kasuwa? Nawa ne kuɗin fasinja? Waɗanne hanyoyin ƙauye za a gyara don a kai kaya tasha?

Kula da hanyar da muke da ita

Babban abokin gabar hanya shi ne ruwa. Damunar 2024 ta zo da ambaliya mai tsanani, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Mutanen bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba sun san yadda ruwan dare ɗaya yake raba gari da gari. Sau da yawa ba dukan hanya ce ta lalace ba. Wuri ɗaya ne ko biyu suke hana wucewa. Gyaran waɗannan wurare ya fi shimfiɗa sabuwar hanya araha ƙwarai.

Ga aikin da gayya za ta iya yi kafin ruwa ya sauka:

- Yashe magudanun ruwa na gefen hanya da ƙarƙashin gada.
- Cike ramuka da burji tun suna ƙanana, a daddanne shi sosai.
- Barin tsakiyar hanya ya ɗan fi gefe tudu, don ruwa ya gangara.
- Tare bakin zaizaya da duwatsu ko buhunan ƙasa.
- Barin itatuwa da ciyawa a gefe don su riƙe ƙasa, su tare yashi.
- Hana noma ya ci hanya. Kamar yadda ake shata burtali, haka ya kamata a shata hanyar gari a gaban maigari da masu gonaki.

Gada da mashigar ruwa ta siminti, wadda ake kira radiye, sun fi ƙarfin gayya. Waɗannan su ake nema wurin hukuma.

Mun taɓa yin irinsa

Kada ka ce talaka ba ya iya canja komai. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara ƙarfafa manoman jihar Maraɗi su riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe. Manoma suka karɓa, suka gyara dabarar, suka koya wa juna. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, jama'a suka kafa kwamiti mai maza da mata, manoma da makiyaya, suka sa dokar sare itace da tarar wanda ya karya ta. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a kan kadada kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar. Haka kuma asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Abin da ya sa waɗannan suka ɗore shi ne kwamiti, da doka da kowa ya yarda da ita, da lissafi a fili. Hanya ma abin da take bukata ke nan.

Matakan neman gyara

1. Ku kira taro da izinin maigari. Ku tabbata mata da samari da masu amalanke da ƴan kabu-kabu da makiyaya sun sami damar magana. Idan mata ba sa sakewa a gaban maza, a yi musu nasu zaman.

2. Ku zana taswira. Ku fara a ƙasa da tsinke da duwatsu, sannan ku mayar a takarda. Ku nuna rijiya da makaranta da gidan likita da kasuwa, da duk inda hanya take yankewa.

3. Ku ƙirga. A ranar kasuwa mutum biyu su zauna a bakin hanya da littafi, su rubuta yawan masu ƙafa da kekuna da amalanke da babura da motocin da suka wuce. Da damina ku rubuta kwanakin da hanya ta yanke. Ku rubuta yawan marasa lafiyar da aka fitar da awannin da suka yi a hanya, ba tare da sunayensu ba.

4. Ku zaɓi bukata ɗaya. Wanda ya ce a gyara masa komai, ba a san inda za a fara ba. Wanda ya ce radiye ɗaya yake so a ƙorama kaza, an san abin da za a auna.

5. Ku fara da abin da kuke iyawa. Ku yi gayya, ku buɗe asusun fitar da marar lafiya. Ƙungiyar mata tana iya ba da bashin sayen keke ko amalanke.

6. Ku haɗa kai da maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar da ƙauyuka biyar suka sa wa hannu ta fi ta ƙauye ɗaya nauyi.

7. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Gundumar Agye tana da ƙananan hukumomi biyu, Agye da Caduwa. Gazawa, wadda ta zama gunduma a 2011, tana da Gazawa da Gangara. Gidan Rumji tana da biyar: Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, an sake zaɓe daga baya, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe su aka naɗa shugabannin riƙo. Ko wane ne yake kan kujera, ma'aikatar magajin gari ita ke karɓar harajin kasuwa da na tasha, ita ke riƙe da kundin tsarin raya ƙaramar hukuma. Ku nemi a shigar da hanyarku cikin wannan kundi, domin shi masu ba da tallafi suke dubawa. Alal misali, shirin ProDAF, wanda gwamnati da asusun FIDA suka fara a 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ya haɗa da gina hanyoyin karkara masu kai amfanin gona kasuwa.

8. Ku kai takardar da kanku, tare da sanin hakimi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ku riƙe kwafi, ku nemi a buga masa hatimi da kwanan wata.

9. Ku bi sawu. Ku koma bayan wata guda. Ku yi magana a gidan rediyon karkara cikin ladabi, da hujja, ba da zagi ba. Kada ku tare hanya, kada ku bari a mayar da bukatarku rigimar siyasa.

10. Ku karanta lissafin asusu a gaban jama'a kowane wata. Kuɗin da ba a san inda ya shiga ba shi ke kashe kwamiti.

Misalin wasiƙa

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ..........

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu mutanen ƙauyukan .......... muna sanar da kai cewa hanyarmu zuwa kasuwar .......... tana yankewa a ƙoramar .......... A damunar bana ta yanke kwana .......... A ranar kasuwa mun ƙirga amalanke .......... da babura .......... da masu ƙafa .......... Mun riga mun yi gayya sau .......... Muna roƙon a turo ma'aikaci ya auna wurin, a kuma shigar da aikin cikin tsarin raya ƙaramar hukuma. Mun ɗauki alkawarin kawo yashi da duwatsu da ƴan aiki. Allah ya taimake ka.

Kwanan wata, da sa hannun wakilai.

Aikin lissafi

Mu ɗauka mace tana zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, tana biyan kabu-kabu jika 1 zuwa da dawowa. A shekara akwai mako 52. Jika nawa ta kashe? Ku tambayi kuɗin keke a kasuwarku. Cikin wata nawa kuɗin kabu-kabun zai sayi keken? Idan mata huɗu suka haɗa kuɗi, nawa kowace za ta bayar?

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wace tafiya ce ta fi wahalar da mutanen garinku, kuma wa ya fi yin ta?
2. Idan naƙuda ta tsananta wa mace yau da dare, wa za a tasa, kuma da me za a ɗauke ta?
3. Yara nawa suka bar makaranta saboda nisa? Nawa ne mata a cikinsu?
4. Wane wuri ɗaya ne idan an gyara shi hanyarku za ta biyu rani da damina?
5. Me za ku iya yi da kanku kafin damina mai zuwa?

Kammalawa

Ya kai mai karatu, karatun da kake koyo ba don rubuta sunanka kaɗai ba ne. Da shi za ka zana taswirar garinku, ka ƙirga masu wucewa, ka rubuta wa hukuma, ka karanta amsarta, ka duba lissafin asusu. Kuka da baki yana wucewa da iska, amma takarda mai kwanan wata da hatimi tana nan a ajiye, ana iya komawa gare ta ko an canja shugaba.

A zamanku na gaba, ku fito da littafi ɗaya ku rubuta a bangonsa: Littafin Hanya. Ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su fara ƙirga a ranar kasuwa mai zuwa. Allah ya ba da sa'a, ya kai kowa gida lafiya.